A Bar Inna a Ɗakinta ko a Ɗauko Ta Birni? Abin da Jinyar Gigin Tsufa Ta Nuna Mana

Ranar da wani ɗan acaɓa ya dawo da Inna gida daga bakin tashar mota, buta a hannu, takalmi wari da wari, ranar ce muka daina cewa "ai tsufa ne kawai". Ta gaya masa gidansu za ta, babanta na jiran ta. Baban nan nata ya rasu tun ba a haife ni ba. Kafin sallar isha'i labari ya isa kunnen 'ya'yanta shida, kafin gari ya waye kuma baki ya rabu uku. Yaya, babbanmu, ya ce gobe-goben nan za a ɗauko ta zuwa gidansa a Kaduna. Goggo, ƙanwar Inna da suke zaune gida ɗaya a Malumfashi, ta ce duk wanda ya raba ta da ɗakinta shi ya ƙarasa ta. Autanmu ya ce a yi adalci, wata biyu-biyu a gidan kowa, kowa ya samu rabonsa na lada.

Cikin shekara huɗu sai da muka gwada duka ukun, ba don mun tsara haka ba, sai don duk wanda muka kama yakan kai mu bango mu koma wani. Shi ya sa idan aka zo mini da wannan tambaya, kuma ana yawan zuwa, ba na kewaye-kewaye. In dai da hali, a bar tsoho inda ya saba, a riƙa kai masa masu jinya. Amma "in da hali" ɗin nan babbar magana ce, kuma akwai lokacin da birni ke yin rinjaye.

Likita tukuna

Kafin a fara gardamar inda za ta zauna, a kai ta gaban likita. Mu mun ɓata kusan shekara ba mu yi haka ba, muna ta rubutu da hayaƙi, domin wasu sun ce sammu ne, wasu sun ce iska ce. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Ba kowace ruɗewa ce gigin tsufa ba. Tsohon da ya kwana lafiya ya tashi cikin kwana ɗaya ko biyu bai san inda yake ba, sau da yawa wani ciwo ne a jikinsa: cutar mafitsara, zazzaɓi, sukari ya hau ko ya faɗi, ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafi, ko jini ya taru a kai bayan wata faɗuwa da ba wanda ya ɗauka da muhimmanci. Irin wannan ana magance shi, mutum ya dawo hayyacinsa. Ƙarancin bitamin B12, matsalar tayirod (wata 'yar gaɓa da ke gaban wuya), ciwon damuwa, har da kurumta, duk suna iya sa tsoho ya yi kama da mai gigi.

Gigin tsufa na ainihi sannu a hankali yake zuwa, wata da watanni, shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da shi sun haura miliyan 55, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 cutar Alzheimer ce, wadda ta samo suna daga likitan Jamus da ya fara bayyana ta a 1906. Akwai kuma wanda ke biyo bayan lalacewar hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa, abokin tafiyar hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki. Na Inna, likita ya ce haɗin biyun ne.

Masu duba irin wannan suna asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, da asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri da na Dawanau a Kano. Na san abin da sunan waɗannan wurare ke jawowa a cikin dangi. Kawunmu sai da ya ce, "Yanzu uwar taku za ku kai asibitin mahaukata?" Mun kai ta, mun dawo da ita a ranar. Abin da likita ya gaya mana shi ya sauya yadda muke kallon gardamar gaba ɗaya: babu maganin da ke warkar da ciwon. Akwai irin su donepezil da memantine da kan ɗan sassauta alamun ga wasu na wani lokaci, sai kula da hawan jini da sukari. Sauran aikin duk na gida ne. Ke nan "a kawo ta kusa da asibiti" bai kai nauyin da Yaya ya ɗora masa ba, tunda ganin likita na bayan watanni ne, jinya kuwa ta kowace sa'a ce.

Ɗakinta

Abin da ɗakin Inna ke da shi, wanda kuɗi ba ya saye, shi ne jikinta ya haddace gidan. Mace ce da ba ta iya faɗin ranar da ake ciki, amma cikin duhu za ta tashi ta laluba butarta a bayan ƙofa, ta ratsa tsakar gida ta kauce wa turmi, ta shiga bayi ta dawo ta kwanta ba ta ta da kowa ba. Shekara hamsin tana bin wannan hanya. Wannan ciwo sabon abu yake fara cinyewa, tsohon abu ya daɗe yana nan. Abin da ta ci da safe ya tafi, waƙar daka da ta koya tana budurwa kuwa tana nan daram.

Sannan unguwa ta san ta. In ta zame ta fita, mai shayin bakin layi zai ce, "Inna, ina zuwa? Zo ki zauna tukuna," ya aika yaro gida. Almajiran makarantar da ke jikin gidanmu sun zama masu gadinta ba tare da an sa su ba. Ga shiga da fita: maƙwabciya ta leƙo gaisuwa, mai tallan fura ta zauna ta huta, jikoki na wasa a gabanta. Tana samun abin yi da hannunta, tsince wake, ɓarar gyaɗa, ninke tsummoki. Ba don aikin ake ba ta ba, ko da za a sake tsince waken a bayan idonta. Ranar da hannunta ke da aiki, daren yakan zo da sauƙi.

To amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Gidan gargajiya cike yake da tarko ga wanda hankalinsa ya raunana: rijiya a buɗe, murhu, garwashin turare, kalanzir a gorar ruwa, maganin ɓera a kan katanga. Sau biyu Goggo na tarar da ita ta ɗora tukunya ba ruwa a ciki. Dole aka yi wa rijiya murfi da kwaɗo, aka sa sakata a can saman ƙofar zaure inda idonta ba ya kaiwa, aka ɗinka lambar wayar ƙanenmu a gefen mayafanta.

Babban yoyon kuwa Goggo ce da kanta. Ita ma ta haura sittin, ga ciwon gwiwa. Mu da ke nesa mukan kira mu ji Inna na magana tiryan-tiryan na minti biyu, mu ajiye waya muna cewa ai jiki da sauƙi, alhali Goggo ba ta runtsa ba tun jiya. Mai wannan ciwo kan iya tattaro kansa a gaban baƙo ko a waya, ya yi gaisuwa cikakkiya, har baƙon ya tafi yana zargin mai jinya da zuzutawa. Wannan ya fi komai ci wa Goggo rai. "Ku zo ku kwana uku," ta ce, "kwana uku kawai."

Akwai kuma bakin mutane. Tsohuwar da ke yawo da dare, tana magana da waɗanda suka mutu, wani lokaci ta tuɓe zani ba ta sani ba, ba a rasa mai ce mata mayya. A arewacin Gana har sansanoni ake da su, irin na Gambaga, inda matan da aka jefa da wannan zargi ke fakewa. Mu abin da ya taimake mu shi ne fitowa fili. Ƙanenmu ya samu liman da mai unguwa ya gaya musu ciwo ne, likita ya gani, ga sunansa. Ɓoyewa ita ke ba jita-jita wurin zama.

Gidan Yaya

Da Goggo ta kwanta ciwo sai maganar Yaya ta hau, aka ɗauko Inna zuwa Kaduna. A ido babu abin da za a kushe: ɗaki da banɗaki a ciki, fanka, katifa mai kyau, get da maigadi, asibiti tafiyar minti ashirin. Magani a kan lokaci, abinci a kan lokaci, awon jini duk mako. Hawan jininta bai taɓa daidaita kamar a watannin nan ba, wannan gaskiya ce.

Amma a satin farko ta rikice irin rikicewar da ba mu taɓa gani ba. Masai na zama ta ƙi yarda da shi, ta ce ita ba za ta yi bayan gida a kan kujerar mutane ba. Tayil mai sheƙi take gani kamar ruwa ne kwance, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta tattare zani. Wata safiya na same ta gaban madubin jikin durowa tana gaisuwa: "Ina kwana? An tashi lafiya?" Ta jira, ta sake gaisarwa. Sai ta juyo gare ni ranta a ɓace ta ce, "Wannan tsohuwar ba ta da kirki, tun ɗazu nake gaishe ta." Na yi dariya, na shiga banɗaki na yi kuka, na fito na rufe madubin da zani.

Da la'asar ta yi kuma sai a shiga wani babi. Ruɗewar yamma sananniyar aba ce a wannan ciwo, amma a baƙon wuri ta ninka. Ta ɗauki mayafi, ta ƙulle kayanta a ɗankwali, ta nufi get: "Ku buɗe mini, yara na can ba su ci ba, Malam ya kusa dawowa." Malam, mahaifinmu, ya shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Da farko mukan gaya mata gaskiya, sai ta fashe da kuka kamar yanzu aka yi rasuwar, bayan awa ɗaya ta sake tambaya. Daga baya muka koyi cewa, "Inna, ba mu labarin Malam, me ya fi so a dafa masa?" mu riƙe hannunta mu zagaya tsakar gida har abin ya lafa. A Malumfashi ma takan ce za ta gida, amma can in an zagaya da ita aka dawo ta ga gadonta da jeren kwanoninta sai ta zauna. A Kaduna babu abin da za a nuna mata. In kuwa ta kuɓuce ta fita, babu mai shayin da ya san ta, sai titi da motoci.

Yanzu ga maganar da ba a so a faɗa a taron dangi. Idan ɗa namiji ya ce "zan ɗauko uwata in riƙe", yawanci matarsa ce za ta riƙe. Yaya na fita bakwai na safe ya dawo bayan magariba, ya zauna gefenta minti goma ya sa albarka a ranarsa. Anti, matarsa, ita ce mai wanki, mai wanka, mai canza shimfiɗa, ga 'ya'ya huɗu ga koyarwa a makaranta. Ba a gidanmu kaɗai ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyar masu wannan ciwo mata ne ke yin su. Malamai da dama kuma sun yi bayani cewa hidimar uwar miji kyautatawa ce daga matar ɗa, wajibin yana kan 'ya'yan da aka haifa. Wanda ya san haka zai roƙa ne, ba zai yi umarni ba, kuma zai gode.

Ga shi mai jinya ita ce ke shan zargi. Inna takan ɓoye kuɗinta a cikin matashi ko cikin kwanon goro, ta manta, sai ta ce an sace. Wa ya sace? Wadda ta fi gani. Ranar da ta ce wa baƙi, Anti na tsaye da tire a hannu, "Wannan matar ita ke kwashe mini kuɗi, ko abinci ba ta ba ni," alhali ko awa ba a yi da ta gama ba ta tuwo a baki ba, na ga fuskar Anti, na san wani abu ya karye. Mafi muni, wata 'yar'uwarmu ta ɗauki maganar ta kai gaba. Sai da aka yi wata biyu ba sa gaisawa. Duk gidan da za a kai mai gigin tsufa, a zauna tun farko a gaya wa kowa: za ta ce an yi mata sata, za ta ce an hana ta abinci, ciwon ne ke magana. A duba lafiyar jikinta da tsabtarta da nauyinta, waɗannan ne shaida. Ba wai a toshe kunne ba, domin ana cutar da tsofaffi, amma a bincika kafin a yanke hukunci.

Zagayen gidaje

Wannan ba zan daɗe a kansa ba. Adalci ne ga 'ya'ya, azaba ce ga mai ciwon. Duk sauyin gida sai ta yi sati biyu ko uku kafin ta gane hanyar bayi, tana fara sabawa sai a ce lokacin gidan wane ya yi. Magani ya ɓace a hanya, wannan gida na ba da shi da safe, wancan da dare, katin asibiti na Kaduna ita tana Kano. A gidana ta faɗi a kan matakala ta uku da dare, Allah ya tsare ƙashin ƙugu bai karye ba. Zagaye biyu muka yi muka haƙura. In ana son raba lada, masu jinyar ne ya kamata su riƙa zagayawa, ita ta zauna wuri ɗaya.

Wa zai kwana da ita?

Da na waiwaya, ashe tambayar da muka yi ta faɗa a kanta ba ita ce tambayar ba. Ko a gari ko a birni, abin da ke raba tsarin da zai ɗore da wanda zai rushe shi ne a iya faɗin sunan wadda za ta kwana a ɗakin, da sunan wadda za ta karɓe ta idan ta gaji. In aka ce "ai muna da yawa, ba za a rasa ba", to an rasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, hannu goma da ba a sa wa rana ba su ma ba sa ɗauka.

A nan zaɓi biyu ne, 'yar'uwa ko 'yar aiki, kowanne da nasa. 'Yar'uwa, galibi bazawara ce ko wadda mijinta ya rasu ko budurwar da ta gama sakandare, Inna ta san fuskarta ko aƙalla muryarta, kuma akwai tausayin jini. Illarta ita ce ba a biyan ta, ba a ba ta hutu, ba ta da bakin cewa ta gaji, domin za a ce ta gaji da uwarta. Na ga yarinyar da karatunta ya tsaya shekara uku a kan jinyar kaka, kowa na sa mata albarka, babu wanda ya biya mata kuɗin jarrabawa. 'Yar aiki kuwa ana iya gindaya mata sharaɗi, ana iya sauya ta, amma takan tafi ba sallama ranar da abin ya ishe ta, kuma ita ce ta farko da za a ce ta yi sata. Ƙaramar yarinya 'yar shekara goma sha biyu da aka ɗauko daga ƙauye ba mai jinya ba ce, kada a yaudari kai. Ba za ta iya ɗaga babba ba, ba za ta iya hana ta fita ba, kuma zalunci ne a ɗora mata. Dattijuwa mai sauran ƙarfi, mai haƙuri, wadda ta taɓa jinya, ta fi mai takarda da ba ta da haƙuri. In an samu ma'aikaciyar jinya da za ta riƙa leƙowa ko sau ɗaya a mako ta duba jini, ta duba fata, ta koya wa na gida yadda ake juya mara lafiya, an more.

Abin da muka ga ya yi aiki shi ne haɗa biyun, kuma a biya duka biyun. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne. Duk abin da za ku ba mai jinya ku auna shi da wannan, ku tuna kuma ma'aikacin ofis yana tashi da yamma ya tafi gida, ita kuwa aikinta da yamma yake farawa. Goggo ta ƙi karɓa da farko, ta ce ita da 'yar'uwarta. Sai muka ce kuɗin maganin gwiwa ne.

Mai jinya na bukatar barci kafin komai. Dare biyu a mako da wani zai karɓe ta ta kwana a wani ɗaki, ƙofa a rufe. Tana bukatar ta je biki, ta je gaisuwar mutuwa, ta je asibiti don kanta. Tana bukatar wanda za ta gaya wa "yau na daka mata tsawa" ba tare da an karanto mata ayar da ta hana cewa "uf" ga iyaye ba. Ta san ayar, ita ce ma ke hana ta barci. Wanda bai yi jinya ba bai san yadda mutum ke son uwarsa kamar ransa, kuma a dare ɗaya ya ji ina ma a ce an huta, sannan ya kwana yana istigfari ba. In kun ga mai jinya ta daina cin abinci, tana kuka ba dalili, ko ta fara fushi da kowa, ita ma ta zama mara lafiya, a kai ta a duba.

Gajiyar nan ce ke kai mutane kemis neman "maganin barci" a ba tsoho. A yi hattara. Irin su diazepam na ƙara ruɗewa da faɗuwa, magungunan kwantar da hankali irin su haloperidol da risperidone kuma an san suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ga masu gigin tsufa, shi ya sa likita ne kaɗai ke ba da su, kaɗan, na ɗan lokaci. Ɗaure tsoho a gado ko kulle shi shi kaɗai a ɗaki ma alama ce ta cewa mai jinya ta kai maƙura, a kawo mata ɗauki. Sau da yawa fitinar dare tana da dalili: ciwon haƙori, fitsari ya matse, bayan gida ya ƙi fita, yunwa, ko barcin rana ya yi yawa.

Wata wahalar da muka ɗora wa kanmu a banza ita ce ta ibada. Inna takan yi la'asar sau uku, ko ta yi sallama a raka'a ta biyu, Goggo ta bi ta da gyara har su yi faɗa. Azumi ya zo ta ce sai ta yi, ƙarfe goma ta nemi koko. Da muka tambayi malami ya tuna mana cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Tun daga nan in ta shimfiɗa darduma sai a bar ta, ko nawa ta yi.

Kuɗi

A gari an fi samun sauƙin mai taimako da abinci, amma kuɗin mota na cin nasa, ga hanyar da ba a son bi da dare in larura ta taso. A birni zirga-zirga ta ragu, mai aiki ta fi tsada, sannan akwai asarar da ba a lissafawa, kamar Anti da ta ajiye darasin yamma da take samun ɗan abin hannu da shi. Ko'ina ne, idan aka kai matakin da ba ta riƙe fitsari, famfas na manya da sabulu da ledar shimfiɗa za su fi magani cin kuɗi.

A buɗe asusu ɗaya, kowa ya san abin da zai saka duk wata gwargwadon ƙarfinsa, mutum ɗaya ya riƙe littafi. Wadda ta ba da jikinta kada a sake neman kuɗinta. Maganar banki da fansho da takardun gona a daidaita ta tun tana gane mutane tana iya sa hannu, a gaban shaidu. Mun yi sakaci da wannan, lambar katin cirar kuɗinta ta tafi tare da tunaninta, muka yi watanni muna jeka-ka-dawo. Kuma a sa ido kan masu zuwa da "Inna ta ba ni filin nan". Kyautar wanda hankalinsa ya gushe ba ta inganta a shari'a.

Gidan gajiyayyu ba na sa shi cikin lissafi. Waɗanda ake da su a wurarenmu kaɗan ne, kuma an yi su ne domin waɗanda ba su da kowa, ba don jinyar wannan ciwo ba. Ko cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a ƙasar nan, wadda ke asibitin koyarwa na Ibadan, sai a 2012 aka buɗe ta. 'Yan'uwanmu da ke Ingila ko Amurka lissafinsu daban ne, can akwai gidajen da aka tanada musamman.

Lokacin da birni ke rinjaye

A ɗauko ta idan babu babba mai lafiya da zai kwana da ita a gari, idan akwai wani ciwon da ke bukatar asibiti a kai a kai kamar na ƙoda ko zuciya, idan zaman garin kansa ya zama haɗari, ko kuma idan an ga alamar ana wulaƙanta ta. Haka nan idan ciwon ya yi nisa har ta daina gane ɗakin nata, ta kwanta ba ta tashi, to amfanin zaman gari ya ragu ƙwarai. Abin da ake bukata a lokacin hannuwa ne masu juya ta duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama ta, da mai haƙurin ba ta kunu cokali-cokali tana zaune a jingine saboda ƙwarewa. Inda hannuwan suka fi yawa, can ya dace.

In za a ɗauko, a ɗauko sau ɗaya, kuma a ɗauko da ɗakin: gadonta ko tabarmarta, butarta, dardumarta, kwanon goronta, rediyonta, in da hali har da mutumin da ta saba gani. A ba ta ɗakin ƙasa kusa da bayi, a bar fitila a kunne da dare, a samo fo ko kujerar bayan gida in masan ya gagare ta. A gaya wa maigadi da masu shagon layin halin da take ciki tun ranar farko.

Mu dai Malumfashi muka mayar da ita, bayan Goggo ta samu sauƙi. Aka ɗauki wata dattijuwa daga unguwar tana kwana da ita dare biyar, matar ƙanenmu na karɓar dare biyu, mu mata uku muna zuwa sati bibbiyu bi da bi, Yaya ya ɗauki magani da famfas da kai ta Kaduna ganin likita. Jadawalin na manne a bayan ƙofar ɗakin Goggo, an rubuta da biro a bayan kalanda. Ranar da muka sauke ta daga mota ba ta gane ni ba, ta ce mini "baiwar Allah, sannu da hanya". Ta shiga zaure, ta ratsa tsakar gida ta kauce wa turmi, ta miƙa hannu bayan ƙofa ta ɗauko butarta.